Furen Da Na Kai Wa Mu'allim Renato

Zuwa ga Alhaji Manaja, kamfanin shirya wa 'yan gida yawon buɗe ido, Shumaisi, Riyad.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ranka ya daɗe, na rubuto a fili ne domin sau uku ina zuwa ofishinka ana ce mini ka fita, abin kuwa ya ƙi barin zuciyata.

Sunana Sani, aikina shimfiɗa marmara, shekarata goma sha huɗu a Riyad. Ni da matata Hadiza muna cikin ayarin da kuka kai Italiya a farkon Nuwamban bara, kwana takwas tsakanin Rum, Fulorans da Benis. Tun ranar rajista na gaya maka ba kallon gine-gine kaɗai zai kai ni ba. A Fulorans akwai Mu'allim Renato, dattijon Ba'italiye da ya same ni a nan Riyad ina dakon siminti ya koya mini yankan dutse da hannunsa. Rabuwarmu ba ta yi daɗi ba. Makonsa na ƙarshe a nan ya yi mini faɗa a gaban leburori kan wani dutse da ya tsage, na yi zuciya, na ƙi raka shi filin jirgi. Shekara shida ke nan. Da 'yarsa ta rubuto cewa ciwon huhu ya kwantar da shi, na ɗauki hutu don in je in nemi gafararsa.

Ƙorafina uku ne. Na farko, takardar al'adun da kuka raba mana. Wallahi na bi ta sau da ƙafa. Na koyi shan kofi a tsaye, na daina neman mai madara bayan azahar, muka saba da jiran abincin dare har ƙarfe takwas ciki na kuka. A tsofaffin majami'un Rum na cire hulata na yi shiru, ina shafa marmararsu, don na san gumin da ta ci. Takardar ta ce mai zuwa gidan Ba'italiye ya riƙe fure. Ba ta ce wane iri ba. Hadiza ta ce mu kai dabinon da muka sayo a kasuwar Aziziya ta nan Riyad, yadda ake dubiya a gida. Na ce mata in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Muka bar dabino a masauki.

Na biyu, jagoran da kuka haɗa mu da shi. A makon da muka je, ko'ina a Fulorans wani fure ne a jere, manya-manya, rawaya da fari, tsofaffi na rungume da shi. Na ɗauka shi ne mafi daraja a wurinsu, na sayi wanda ya fi kowanne girma. Kafin in tafi na nuna wa jagoran, na ce marar lafiya zan kai wa. Yana kan waya, ya ɗaga mini babban yatsa ya juya. Ashe makon ziyarar kaburbura ne a ƙasar, furen nan kuma kabari kaɗai ake kai wa. Mutumin da kuka ce ya yi shekaru a Italiya, ko bai sani ba, ko bai duba ba.

Da matar Mu'allim ta buɗe ƙofa na gaishe ta da fara'a na miƙa. Fuskarta ta canja, ta toshe baki da hannu, ta mayar da ƙofa. 'Yarsa ce ta fito ta same mu a matakala ta yi mana bayani a hankali. Ta ce uwar tana kuka, mu bari ta huce, mu dawo gobe. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai. Washegari da ƙarfe bakwai motarmu za ta tashi zuwa Benis. Na roƙi jagoran ya ba ni fasfona in tsaya wuni ɗaya, in biyo su a jirgin ƙasa. Ya ce fasfo na hannunsa kuma ayari ba ya rabuwa, umarninka ne. Na kira ka sau biyar, wayarka a kashe. Haba Alhaji! Ni da ba yaro ba, ga iƙamata ta izinin zama ga aikina a Riyad, ina zan gudu? Aka sa ni a kwalekwale a Benis, mutane na ta ɗaukar hoto, ni ban ga komai ba.

Kwana goma sha biyu da dawowarmu Mu'allim ya rasu.

Ba wani abu nake nema ka mayar mini ba. Roƙona ka ƙara layi ɗaya a takardar nan, ka bayyana furen, don kada wani ɗan gida ya sake kai wa mai rai. Ka nemi jagoran da zai ajiye waya in an tambaye shi. Kuma a bar babba ya riƙe fasfonsa.

Kafin ka ce ƙaramin kuskure ne, ga abin da 'yarsa ta rubuto mini bayan jana'iza. Ranar da na tsaya a ƙofa, ya jiyo gaisuwata daga kan gadonsa, ya gane muryata. Ya amsa da cewa "lafiya lau", Hausar da na koya masa ke nan a duniya. Muryarsa ba ta kai ƙofa ba. Washegari ya sa aka aske masa gemu, ya wuni yana kallon ƙofa.

Dabinon na nan a kwalinsa a ɗakinmu na Suwaidi. Hadiza ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, ni kuma na kasa buɗe shi.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya albarkaci sana'arka, Ya kuma sa kada ka makara wajen neman gafarar wanda ka ɓata wa.

Wassalam.

Naka,
Sani mai marmara, Suwaidi, Riyad.