Rasuwar Haji Sessu da Maganar Hular da Ba a Rataya Ba

Cikin alhini mai nauyi, da zukatan da har yau ba su koma mazauninsu ba, Ƙungiyar Makanikan Ƙugiya da Masu Gyaran Jiragen Ruwa ta Bakin Kogin Mahakam, da yawun Shugabanta da Majalisar Dattawanta, tana sanar da 'ya'yanta, da abokan aikinta na tashoshin ruwa, da al'ummar Samarinda baki ɗaya, cewa ta sami labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayenta, babban makanike, tsohon Mataimakin Shugabanta, Haji Sessu Daeng Mallongi, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talatar da ta gabata, bayan azahar, a ɗakin injin ƙugiya, wato na'urar ɗaga kaya, ta jirgin nan da dukkanmu muke kira Tsohuwa. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga maiɗakinsa, uwarmu Hajja Indo Tang, da babban ɗansa Rustang, wanda shi ma ɗan wannan ƙungiya ne a sashen walda, da sauran 'ya'ya da jikoki, da dangi na nan da waɗanda ke can Wajo, inda marigayin ya baro yana saurayi a cikin jirgin katako, da zanensa ɗaya da tukunyar shinkafa.

Marigayin ya fara aiki a bakin wannan kogi tun zamanin da gungumen itace ake lodi, kafin kwal ya zo ya baƙanta mana riguna da huhu. Wanda ke kallon ƙugiya daga gaɓa, dogon wuya yake gani da waya tana lilo. Amma a ƙarƙashinta, inda zafi yake kuma mutum ba ya jin muryar kansa, akwai sandar ƙarfe mai kaurin cinyar ƙato, wadda ke ɗauko ƙarfin inji ta kai wa gangar da ke naɗe waya. Ita ce shaf, kuma a kanta Haji Sessu ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa da yatsu biyu na hannun hagu. Da wuya a sami ƙugiyar da ke aiki tsakanin gadar gari da bakin teku wadda bai kwance shaf ɗinta ya mayar ba. Makanikan da suka fito daga hannunsa suna Balikpapan, suna Batam, wasu suna ƙasashen da ba mu iya faɗin sunansu daidai, kuma kowannensu yana ɗauke da ilimi da tabo, domin marigayin, Allah Ya jiƙansa, ya fi saurin koyarwa da sifana a kan baki. Ba za mu ce mai sanyin hali ne ba. Waɗanda za su karanta wannan saƙo sun san shi, za su yi mana dariya a ranar makoki. Abin da za mu ce shi ne, duk matar da mijinta ya mutu a bakin aiki a wannan kogi, Haji Sessu ne ya fara hawa matakalar gidanta, kuma shi ne na ƙarshe da ya daina zuwa.

Shi ne kuma ya tsaya kai da fata a kan ƙa'idar hula, wadda kowane ɗan ƙungiya ya sani kamar sunan uwarsa: duk wanda zai sauka wurin shaf, sai ya fara hawa ɗakin direban ƙugiya ya rataya hularsa a kan mariƙin da ake ja a tayar da inji. Direba ya ga hula, ba zai taɓa ba, ko da mai jirgin ne ke masa ihu a kunne. Direba ya ga mariƙi babu komai, to, babu kowa a ƙasa. Dattawa da yawa sun ga ranar da marigayin ya bi wani makanike da sifana tun daga ɗakin inji har gefen jirgi, saboda ya sauka da hularsa a ka, sai da mutumin ya gwammace kogi ya faɗa.

A al'ada, saƙon ta'aziyya ba ya faɗin yadda mutum ya mutu. Majalisar Dattawa ta umarce ni, a matsayina na kakakin ƙungiya, da in faɗa, domin abin da muka yi shiru a kansa ana ta faɗinsa a shagunan kofi da ƙari, kuma ƙarin ya riga ya zubar da jini, yana neman ran mutum.

Marigayin bai daɗe da dawowa daga aikin hajji ba, shi da Hajja. Ranar Talata ba aiki ya je ba. Ya shiga kwale-kwale da farar rigarsa da farar hularsa, da dabino da ruwan Zamzam, don ya gaishe da abokan aiki. Direban ƙugiyar Tsohuwa shi ne Anang Sahrun, ɗan ƙabilar Banjar, wanda ya shafe shekaru masu yawa yana aiki a saman kan marigayin, suna zagin juna kullum kamar ana biyansu. Shi yana kiran Sahrun Makaho, Sahrun yana kiransa Tsohon Kada. Da Sahrun ya hango shi ranar, sai ya leƙo ta taga, ya kira shi da laƙabin girmamawar da muke wa alhazai, ya ce, "Puang Aji, tsaya daga nan! Makka ta wanke ka, kar ka taɓa mu ka koma yadda kake." Marigayin ya jefa masa dabino ya ce ya ci ko idonsa zai buɗe. Suna cikin haka, ƙugiya tana aiki, sai ya karkata kai ya saurara, ya tambayi wanda ya bar tsohuwar nan tana tari haka. Aka ce masa za a duba ranar hutu.

Da aka kashe inji aka tafi cin abinci a bayan jirgi, ya ce zai je ya yi alwala. Ba alwala ya je ba. Ya sauka wurin shaf, ya cire murfinta, ya kwanta a kanta yana laluben gaɓar da ke ƙara. Sahrun ya gama cin shinkafarsa, jirgin kwal yana jira a gefe, ya hau ɗakinsa ya dubi mariƙi. Babu hula. Ya ja.

Shaf ta kama gefen farar rigar. Ba ta tsaya ta tambayi ko wane ne ba. Ta naɗe shi, ta riƙa buga shi da ƙarfen ƙasa da na bango, har Sahrun ya ji girgizar da bai saba ji ba a tafin ƙafarsa, ya kashe. Waɗanda suka sauka sun fito da shi a cikin tamfol, kuma ba a ɗauka ɗaya ba. Ina cikin waɗanda suka yi masa wanka, iyakar abin da ya wanku. Farar hular kuwa a gaɓar shaf aka same ta, ta naɗe tare da gashin kansa, sai da aka sa wuƙa. Mutum huɗu sun ga wannan, kuma sun faɗa wa 'yan sanda, waɗanda ke ci gaba da bincikensu.

Abin da ya biyo baya shi ma a gaban jama'a aka yi shi. Rustang yana walda a wani jirgi kusa. Labari ya kai masa, ya iso da 'yan'uwansa. Sun tarar da Sahrun zaune a doron jirgi, bai gudu ba, bai ma ɗaga hannu ya kare fuskarsa ba. Sun karya masa muƙamuƙi. Sun ɗora hannunsa na dama a kan turken ƙarfen da ake ɗaure jirgi, suka daka shi da sifana har ya daina kama da hannu, sannan suka ɗauke shi suka jefa a kogi. Ma'aikatan jirgin kwal ne suka tsamo shi da ƙugiyar hannu. Washegari an ƙone babur ɗinsa a ƙofar gida, an yi ta ruwan duwatsu a kan rufinsa, matarsa da 'ya'yansa mata suna kwance a ƙarƙashin gado. Yanzu muna jin danginsa na Banjar suna wasa adda a tsallaken kogi, namu na ƙabilar Bugis kuma kowa da badik, wuƙarmu ta gado, a ƙugu ko masallaci zai je. Ana cewa wai Sahrun ya san akwai mutum a ƙasa, wai an sha jin su suna zagin juna. Lalle an sha ji. In zagi ne shaida, to, rabin wannan ƙungiya ne suka kashe Haji Sessu, kuma ni ne na farko da za a kama.

Jiya da hantsi na je wurin Hajja Indo Tang. Ta sallami matan da ke zaune da ita, ta gaya mini cewa ranar Talata da safe, da zai fita, ta ciro masa tsohuwar baƙar hularsa ta aiki daga jikin ƙusa ta miƙa masa. Ya yi dariya ya ce gaisuwa zai je ba aiki ba, kuma shi yanzu Haji ne, ba zai yi yawo da hula biyu kamar mai talla ba. Ta ce masa ta san shi, in ya ji ƙarfe na kuka ba zai iya wucewa ba. Ya ce to ko ya sauka, farar hular da ta yi ɗawafi ba za ta hau mariƙin da Makaho ke shafa wa giris ba. Duk wanda ya tashi a cikinmu ya san ba girman kai ba ne; haka muke ɗaukar farar hula, ba ma ajiye ta inda datti yake, kuma sabon Haji ba ya tsayawa a gaban mutane da kai a buɗe.

Na tambaye ta ko ta yarda in sa wannan a takarda, tun da magana ce tsakanin mace da mijinta. Ta kira ni da laƙabina ta ce, "Daeng, ka sa, ka sa da sunana. Mijina ya tafi da hularsa a ka. Ban yarda ɗana ya tafi da jinin wani a hannu ba." Rustang yana tsaye a bakin ƙofa, ya ji komai. Ya sauka matakala ya tafi, badik ɗinsa yana nan inda yake.

Anang Sahrun yana hannun ƙungiya tun da aka sallame shi daga asibiti, a saman benen ofishinmu, kuma ba mu ɓoye wannan ga kowa ba. Likita ya ce hannun ba zai sake riƙe mariƙi ba. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, sai ta tsakanin haƙora yake magana, sai mutum ya sunkuya sosai. Mun kawo masa shawarar a fitar da shi da iyalinsa zuwa Banjarmasin, garinsu na asali, ta mota. Ya girgiza kai. Na sunkuya, ya ce, "Daeng, ku kai ni in gaishe da Hajja. In kashe ni za a yi, a kashe ni a can, ba a gaban 'ya'yana ba."

Ƙungiya tana roƙon Allah Maɗaukakin Sarki Ya gafarta wa bawansa Haji Sessu Daeng Mallongi, Ya karɓi hajjinsa, Ya sa azabar da jikinsa ya sha ta zame masa kaffara, Ya yalwata kabarinsa, Ya haɗa shi da salihan bayi. Ya ba uwarmu Hajja Indo Tang, da 'ya'ya da jikoki da dangi na kusa da na nesa, haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya sanyaya zukatan da ke tafasa a gaɓa biyu na wannan kogi. Ya ba Anang Sahrun lafiya, da barcin da ya ƙaurace masa.

A ƙarshe, Majalisar Dattawa, bayan doguwar muhawara da ɗaga murya, ta amince da roƙon Sahrun, Hajja kuma ta amince. Gobe bayan la'asar zai je ta'aziyya, a ƙafa, daga ofishin ƙungiya ta hanyar kasuwar kifi har gidan marigayi. Muna roƙon danginsa su zauna a tsallakensu da addunansu. Ba ma son rakiyar kowa. Hajja ta ce za ta tsaya a saman matakala, da bakinta za ta kira shi ya hau.

Ni zan shiga gaba, shi yana bayana. Rustang, ɗana, kai nake wa magana yanzu, a gaban kowa, tun da ka ƙi zama in yi maka ita a ɗaki. Da hannuna na yanke maka gashi ranar sunanka. Gwiwoyina sun lalace, tafiyata ta zama ta kunkuru, saboda haka daga lokacin da ka hango mu a kan kwanar kasuwa zuwa lokacin da za mu iso gindin matakala, kana da isasshen lokacin yin tunani. In ka gama tunanin ka ga lalle sai ka zare, to, a gaban mahaifiyarka za ka zare, kuma ni za ka fara tararwa.

Sa hannu:
Mappangara Daeng Tutu
Kakaki kuma Babban Dattijo,
Ƙungiyar Makanikan Ƙugiya da Masu Gyaran Jiragen Ruwa ta Bakin Kogin Mahakam,
Samarinda Seberang.