Igiyar Baba Hassan

Laraba, bayan isha'i.

Kwana ukku ina fama da garafik, zanen layin hawan ruwa, na lojisiyel ɗin, wato manhajar kwamfuta, da na yi ma ƙungiyar manoman shinkafa. Kogi na cikowa, layin kuwa sai gangarawa yake. Na tone kod, rubutun lojisiyel ɗin, na sake girka komi, a banza. Shugaban ƙungiya ya nuna kwamfutata gaban jama'a, ya ce: "Sani, ordinatarka so take ruwa ya ci muna gonaki."

Yau na bi Baba Hassan mai awon ruwa, wanda lambobinsa nake sa ma lojisiyel. Ashe daga saman gada yake sakin igiya, ya auna tsawonta zuwa kan ruwa. In ruwa ya hau, lamba ta ragu!

Na gaya ma shugaba. Ko kallona bai yi ba, ya ce: "Baba babba ne, ba a kunyata shi. Ka ce ordinatar ce ka gyara."

Haka na ce.