Ta Ce Da Sauƙi

Inna,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Baba? Mu nan ƙasar waje muna lallaɓawa.

Naƙuda ta fara wa surukarki, muka je asibiti. Ungozoma ta duba ta, ta tambayi yadda ciwon yake. Surukarki tana cije leɓe ta ce, "Da sauƙi." Na fassara wa ungozomar yadda ta faɗa, aka ce mu tafi gida tukuna. Da muka koma asibitin, yaron bai zo da rai ba.

Ban ga laifin ungozomar ba, nan ba su san irin maganarmu ba. Da kina nan, kallo ɗaya ya ishe ki.

Don Allah ki kira surukarki, ni ta daina yi min magana. Kayan jaririn da kika ɗinka, ki ajiye su wurinki.

Ɗanki