Inna, daga Nan Sakkwato Kwana Guda ce da 'Yan Kai

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum, tare da gaisuwar ban girma. Allah Ya ƙara haskaka makwancinki.

Daga filin jirgin Addis Ababa nake rubuto miki. Na zauna, na tashi, na zagaya, na sake alwala ba don ta karye ba. Jirgin Abuja bai ko fara kiran mutane ba.

Inna, tun rasuwarki na haddace hanyar nan kamar karatun allo. Daga Guangzhou ta ƙasar Sin, inda nake loda wa 'yan kasuwa kaya, zuwa nan, awa goma da wani abu a sama. Daga nan zuwa Abuja kusan biyar. Jirgin Sakkwato daga Abuja awa ɗaya ce da 'yan mintoci, in ka same shi. In ya tashi ya bar ka, sai kwana ko wuni a mota. Ke kuwa da hantsi kika cika, kafin La'asar an dawo daga maƙabarta.

Ke da ko Kalambaina nan bayan gari za ni sai kin ce, "Wagga tafiya da nisa, ka ci abinci tukun." Ranar da na nuna miki Sin a taswirar waya, kika auna da yatsa biyu, kika ce ai kusa ce.

Sati uku kina kwance, kullum na kira Yaya Bello sai ya ce da sauƙi. Haka muke yi, na sani. Ba a tayar wa na nesa hankali. Amma al'adar nan an yi ta ne don wanda ke Gusau, wanda zai hau mota ya iso a sallaci gawa da shi. Bayan rasuwarki na yi shekara ba na ɗaga wayar Yaya. Sai dai gaskiya ɗaya ce: shi ya ɗauke ki, shi ya zauna a bakin gadonki, ni ina can ina liƙe kwalaye.

Yanzu Baba ne. Shekaranjiya Yaya ya ce da sauƙi. Na ce a ba shi wayar, aka ce yana barci. Na sake kira bayan Azahar ɗinsu, yana barci. Baba da barcin rana, Inna? Ban ƙara tambayar kowa ba. Maigidana ya ce in na tafi ana tsakar lodi kada in dawo. Na ajiye masa makullin sito.

Ko yanzu wayar na hannuna, na kasa kira. In suka ce da sauƙi ban yarda ba, in suka ce wani abu ba ni da fiffike.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya sa in tarar da Baba yana gane muryata. In kuwa ya riga ni, ya iso wurinki, ki faɗa masa a hanya nake.

Ɗanki,
Umaru