Jinin Indo

Litinin, 3 ga Yuni 2024

Garin Ƙanƙara. Na ɗebi jinin mata shida, duka masu jego, duka ƙafa a kumbure, numfashi sama-sama. Zuciya ce ta gaza bayan haihuwa. Muttaka, abokin aikina, shi zai juya ƙwayoyin jinin su zama ƙwayoyin tsokar zuciya a ɗakin bincike, ko ma gane inda take lalacewa. Shekara uku ke nan muna "ko ma gane".

Alhamis, 6 ga Yuni

Mota ta kafe a hanyar Sabuwa, ƙanƙarar da ke sanyaya jinin ta narke. Kwalba huɗu sun lalace. Da wane ido zan koma in ce su sake miƙo hannu?

Juma'a, 19 ga Yuli

Faskari. Indo, 'yar ƙauyen Tafoki, haihuwarta ta biyar. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Ta ce, "Malama, in kun gama zan warke?" Na ce wannan ba magani ba ne, sai dai ya amfani na baya. Mijinta Gide ya miƙe zai tafi da ita. Ta ce, "Bari ta ɗiba. Ina da ɗiya mata ukku."

Talata, 20 ga Agusta

Fumfuna ta cinye biyu daga cikin farantan da ake rainon ƙwayoyin. Na Indo bai fara bugawa ba. Na gaya wa Muttaka ƙarshen Satumba zan ajiye aiki. 

Talata, 10 ga Satumba

Muttaka ya turo bidiyo. Ƙwayoyin Indo suna bugawa. A hankali, suna tsayawa, suna ci gaba. Na kalla sau tara.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na hau babur har Tafoki. Indo ta rame ƙwarai. Na nuna mata bidiyon. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta daɗe. Ta ce, "Wagga tawa ce? Ita ma ta gaji." Sai ta kira 'ya'yanta su gani. Gide ya ɗauro mini masara a bayan babur, bai ko dube ni ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Indo ta rasu jiya. Allah Ya jiƙanta. Muttaka ya ce farantin yana bugawa har yanzu, a canza masa ruwa gobe ko a bari? Na ce a canza. Na kuma ce ya turo kwalabe ashirin na Oktoba. Kada dai su zauna a kabad, shi ke nan.