Ni na riƙe masa tsanin

Salama gare ku 'yan group. Admin don Allah a ɓoye sunana. Shawararku nake nema, abin nan ya hana ni cin abinci.

Ina da shagon kwamfuta, ina yi wa yara rajistar jarabawa. Lokacin da shagon yake Kamazou wani kamfani suka kafa min wata na'ura ta intanet, suka ce tana bi ne ta layukan talabijin da babu tashar da ke amfani da su, sun saita ta daidai da wurin, kada in ɗauke ta sai da saninsu. Da aka tashe mu daga shagon na dawo da aikin gida a Kakuri, na kira kamfanin sau biyu ba su ɗauka ba, sai na ce kai mene ne a ciki, na hau kwano na ɗaure ta a ƙarfe ɗaya da eriyar maigidan da nake haya.

Maigidan, Baba, tsohon ma'aikacin masaƙa ne, ɓarin jikinsa ya shanye, coci ma ba ya iya zuwa, talabijin ɗin nan ita ce sujadarsa ita ce hirarsa. Tun satin da na ɗaura na'urar hoto ya fara tsayawa, fasto ya buɗe baki ya daskare, sai a rubuta babu siginal. 'Yar Baba, Rifkatu, ta ɗora laifin a kan Ayuba, wanda ya sayar musu da dikoda ya kafa eriyar, ɗan cocinmu ne mai yara huɗu. Sau biyu ya zo, ya canja waya, ya juya eriya, a banza. Rifkatu kuma bakinta ba shi da birki, ta je zumuntar mata ta ce Ayuba kayan jabu yake sayarwa, mutane suka fara janye masa aiki.

Ni ma da farko ban sani ba. Wata rana na zare na'urar don in jona ayan in yi guga, sai na ji talabijin ɗin Baba ta bango tana magana tar. Na mayar, ta tsaya. Sau uku na gwada, duk haka. Amma lokacin rajista ne, yara sun yi layi har ƙofar gida, kuma ina tsoron Rifkatu ta watso min kaya waje, sai na ce bari rajista ta wuce tukuna. Sati biyu na yi shiru, ina gaishe da Baba kullum yana zaune yana kallon hoton da ba ya motsi.

Ranar Asabar ɗin nan Ayuba ya dawo karo na uku, an yi ruwa da safe kwano bai bushe ba. Ya ce ba zai bari sunansa ya lalace ba, ya roƙe ni in riƙe masa tsani. Na riƙe. Ina kallonsa ya hau, ina da amsar a cikina. Ya kusa kaiwa ga ƙarfen santsi ya kwashe shi. Ƙugunsa ya karye, yanzu yana wajen mai ɗori, an ce ko ya tashi ba zai ƙara hawa sama ba.

Ran nan na kashe na'urar na sauke ta. Talabijin ta gyaru, Rifkatu tana cewa ashe da ma Ayuba ya iya gyara, wasa yake musu. Na tsani kaina, ban taɓa jin kunya irin wannan ba.

Jiya na je duba shi. Matarsa ta yi ta min godiya wai ni ne na ɗauke shi zuwa keke. Shi kuwa ya riƙe hannuna ya ce ko eriyar bai taɓa ba ya faɗo, to ta yaya ta gyaru? Ya ce tabbas akwai abin da ke shiga layin a unguwar, tunda ni ɗan kwamfuta ne in taimaka in bincika masa, ko yaransa su daina jin ana kiran ubansu macuci.

Na ce masa to. Jibi yake jirana da amsa. Jama'a, in faɗa masa shi kaɗai, ko in fara da Baba, ko in tsaya gaban coci inda aka ɓata shi? Kuma da wane baki zan gaya wa mutum cewa na sani tun kafin ya taka tsanin?