Sunana a Hannun Wata

Sanyin idona, inuwar da nake fakewa, ruwan randata a tsakiyar zafi, kafintana,

Sai ranar da 'yan'uwanka kurame suka zo mini gaisuwar rashinka na gane abin da ya wuce ni. Sun cika tsakar gida, shiru, sai motsin hannayen riga. Telar nan da shagonta ke kallon naka, wadda kuka yi makarantar kurame tare, ta ɗora yatsu biyu a goshi ta gangaro da su kunci. Nan take duk suka juyo suka dube ni. Ƙanenka ya ce mini sunana ke nan a maganar hannu, kai ka raɗa mini shi tun kafin aurenmu.

Ashe ina da suna a wurinka, kowa ya sani ban da ni?

Ni ɗan abin da muke yi a gida na ɗauka shi ne maganarka duka: ci, sha, zo, yaro ba lafiya. In zan kira ka, in kashe fitila in kunna. Ka tuna ranar da ruwa ya tsare mu a shago, ka ɗora tafina a kan katako kana yanka shi, don in ji zarto yadda kake jin sa? Ranar na ce babu macen da ta kai ni shiga zuciyarka.

Amma sau nawa na kawo maka abinci na tarar da ku, kai da telar nan, hannuwanku na tashi kamar tsuntsayen da aka kora daga gona, kana dariya har da dafe ciki? Me take gaya maka, hasken ɗakina? Ban zarge ka da komai ba, Allah shaida. Sai dai ni na sami guminka, da tarinka, da garin katako a wuyan riga. Ita ta sami hirarka. Ko ranar gaisuwar, ta kwaikwayi yadda kake saƙale fensir a kunne ka bi shago kana nema, ta ƙara wani abu da ban gane ba, suka yi ta dariya da hawaye. Ni matarka ina zaune kamar baƙuwa.

Ƙanenka bai san ma'anar sunan ba. Ya ce ita ta sani, a gabanta ka fara yin sa. Da za ta tafi ta riƙe hannuna, ta nuna hanyar shagonta, ta yafito ni. Alherin nan nata ya fi komai ƙona ni.

Ina tsayawa gaban madubinka in gwada. Goshi zuwa kunci. Me ka gani a nan, rabin raina? Me ya hana ka kama yatsuna ka nuna mini?

Ni taka ce, a nan da can, babu mai zama inda ka zauna. Har yau in na shiga ɗaki nakan kashe fitila in kunna.

Jiya na kai bakin ƙofarta, na ji ƙarar keken ɗinkinta, na juyo. Ban shiga ba tukuna.

Matarka.